Ku Tauna Tatsuniyar Girkawa Kafin Ku Haɗiye

Makon jiya ɗan yayata, wanda ke babbar sakandare, ya zo mini da wani ɗan littafin tatsuniyoyin Girkawa da bangonsa ya yage har aka liƙe shi da salatif. Ya buɗe labarin kyarkeci da ɗan tunkiya a bakin rafi. Kyarkeci ya ce ɗan tunkiya ya gurɓata masa ruwa, shi kuwa ya ce ai daga wajenka ruwan yake gangarowa. Ya ce to bara ka zage ni, ya ce bara ko haihuwata ba a yi ba. Duk da haka ya cinye shi. Yaron ya ɗago kai ya ce, "Kawu, ashe tun a da ma mai gaskiya ba ya kai labari. To mene ne amfanin gaskiyar?"

Maganar nan ta tsaya mini a rai, domin na sha jin irinta a bakin waɗanda suka girme shi. Shi ya sa nake so mu yi magana, ƙannena.

Ku fara sanin cewa ɗan layin hikimar da ake liƙawa a ƙarshen kowace tatsuniya ba lallai ne daga bakin mai labarin ya fito ba. Isof, wanda ake jingina wa labaran nan, bawa ne a tsibirin Samos a ƙarni na 6 kafin Miladiyya, kamar yadda masanin tarihi Hirodotus ya ambata, kuma ba mu da wani littafi da ya rubuta da hannunsa. Sai wajen shekara ta 300 kafin Miladiyya Dimitriyos na Falirom ya tattara su, tarin nasa ma ya ɓace. Daga baya Fedrus ya mayar da su waƙa da Latin, Babriyus da Girkanci, masu kwafe littattafai da malaman makaranta suka yi ta ƙara nasu sharhin. Don haka in ka ga labari ya nufi gabas, darasin da ke ƙasansa ya nufi yamma, ba kanka ne ya toshe ba.

Ku dubi tururuwa. A wani labarin ita ce abar koyi: ta tara hatsi, wani ƙwaro irin gyare ya ɓata lokacin zafi yana waƙa, da sanyi ya shigo ya zo roƙo ta kore shi. A wani labarin kuma cewa aka yi asalinta manomi ne mai satar amfanin gonar maƙwabta, aka mayar da shi tururuwa, hali bai bar shi ba. Wanne za ka ɗauka? Kowanne an faɗe shi ne a wani zama, ga wani mutum, don wata buƙata, kamar dai yadda dattijo ke zaɓo karin magana gwargwadon wanda ke gabansa.

Wanda ya fi damuna shi ne labarin kaska, saboda yadda ake kafa hujja da shi. Yanyawa, wadda a wajen Girkawa take riƙe da matsayin dila a wajenmu, ta maƙale a wani kwazazzabo, kaska ta lulluɓe ta. Bushiya ta tausaya ta ce bari in cire miki su. Ta ce a'a, waɗannan sun ƙoshi, in kika cire su mayunwata za su zo su tsotse sauran jinin. Na ji matashi da kunnena yana cewa wannan ya nuna gara a bar ɓarawon da ya ƙoshi a kan kujera. Subhanallahi. Masanin falsafa Aristotil, wanda ya kawo labarin, ya faɗi inda aka yi shi: a Samos ne, ana shari'ar wani jagoran jama'a da hukuncin kisa ke jiransa, Isof ya tashi yana kare shi. Maganar mai neman ceton rai ce a gaban masu hukunci. Kuma ko a cikin labarin, ba wanda ya ce kaska ta daina zama kaska.

Haka batun ƙarfi da gaskiya. Tatsuniyar dabbobi mafi daɗewa da ta iso mu daga Girkawa tana cikin waƙar wani mawaƙi mai suna Hesiyod, wajen shekara ta 700 kafin Miladiyya. Shaho ya sure wata ƴar tsuntsuwa mai zaƙin murya, tana kuka, ya ce mata wawa ne mai ja da wanda ya fi shi ƙarfi. In a nan ka tsaya, sai ka ce mawaƙin bayan shaho yake. Alhali rigimar gado yake yi da ɗan'uwansa Farsis, kuma sarakunan da ke cin hanci a wajen shari'a yake yi wa labarin. Yana gamawa ya juya ga ɗan'uwan nasa yana ce masa ya saurari adalci ya bar zalunci. Can gaba ya ce kifi da namun daji da tsuntsaye ne ke cin junansu don babu adalci a tsakaninsu, mutane kuwa an ba su shi.

Mu da muka tashi da Gizo bai kamata wannan ya ruɗe mu ba. Sau nawa Gizo ya yi ƙarya ya ci riba? Amma ba kakar da ta taɓa cewa "ƙurunƙus" sannan ta umarci jikokinta su zama Gizo. Nuna mana shi ake yi don mu gane shi in mun gamu da shi a kasuwa. Saboda haka in tatsuniya ta ɗaure muku kai, ku tambayi wa ya faɗe ta, wa yake faɗa wa, kuma halin duniya take bayyanawa ko hali take koyarwa. Kada ku yanko layi ɗaya ku ɗora a Facebook don ya wanke muku abin da zuciyarku ta riga ta so.

Ɗan yayata ban ba shi amsa kai tsaye ba. Tambayarsa na yi ko ya taɓa ganin kyarkecin nan a makarantarsu. Ya yi shiru, sannan ya ce akwai wani babban ɗalibi da ke ƙirƙiro wa ƴan aji ɗaya laifi don ya karɓe musu kuɗin tara. Na ce kai ina kake lokacin? Ya sunkuyar da kai, yana murza salatif ɗin bangon littafin, ya ce a gefe yake tsaye yana kallo.