Barewa ba ta jin "kar ki motsa"

Shekara goma sha tara ke nan ina cin abinci da kalmomi uku: "kar ka motsa." Shagona na ɗaukar hoto yana unguwar Domayo a Marwa ta ƙasar Kamaru, kuma duk wanda ya shigo, ango ne ko mai neman hoton katin ɗan ƙasa, sai ya bi dokata. Na taɓa sa wani babban alhaji ya riƙe numfashi har idanunsa suka kawo ruwa. To mutumin da ya saba duniya na tsaya masa cak, shi ne ya rataya kyamara ya nufi dajin Waza wai zai ɗauki barewa tana gudu.

Ɗan yayata ne ya jawo mini. Yana karatu a makarantar koyon kula da namun daji ta Garwa, waccan da aka buɗe tun 1970. Ya zo hutu yana zaune a shago yana latsa waya, sai ya miƙo mini hoton da wani Bature ya sa a Facebook: barewa ce a sama, ƙafa huɗu ba wadda ta taɓa ƙasa, har gashin idonta kana ƙirgawa. Ya ce, "Kawu, irin wannan fa sai manya."

Da ashar ya yi mini da ya fi sauƙi. Na ce, "Yaro, ni da na fitar da fuskar amarya ana tsakiyar guɗa da turereniya, dabba me take?"

Da ladabinsa ya yi mini bayani cewa hanya biyu ce. Ko dai ka sa kyamara ta ƙifta ido da matuƙar sauri, kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa ko fiye, ta daskarar da dabbar a inda take. Ko kuma ka rage saurin, ka riƙa bin dabbar da bakin kyamara kana juyawa daga ƙugu, sai ita ta fito sarai, dajin bayanta ya zama zare-zare. Na ce na sani. Ban sani ba.

Kwana uku ina gwaji a bakin titi da masu moto. Nan na fara gane akwai aiki. Da na ɗaga kyamara na bi mutum, sai ya taka birki ya juyo: "Ina za ka?" Wani ya tsaya ya gyara hula ya ɗaga mini babban yatsa. Wani kuwa ya rantse sai na biya shi sefa 100, tunda ni na tsayar da shi. Na biya.

Na aro dogon bakin kyamara mai milimita 300 a wurin abokin sana'a, bayan ya sa na rantse har sau biyu. Uwargida da ta ji labari ta ce, "Maigida, yanzu suna biyu da ɗaurin aure za ka bari, ka tafi bin waɗanda ko dala ba za su ba ka ba?" Na ce mata ba komai ne kuɗi ba. Ta ce a kasuwa dai komai kuɗi ne.

Cikin watan Afrilu muka tafi, don lokacin fadamun sun ƙafe, dabbobi duk sun taru a 'yan tafkunan da suka rage. Daga Marwa zuwa Waza wajen kilomita 120 ne ta hanyar Mora, amma ramukan titi suna ƙara wa tafiyar albarka. Tun 1934 Faransawa suka keɓe wurin, a 1968 ya zama gandun daji na ƙasa, faɗinsa murabba'in kilomita 1,700. Da can Turawa kan cika shi, sai dai tun da aka sace wasu Faransawa a wajen Dabanga a 2013 ƙafa ta ɗauke. Aka haɗa mu da ɗan jagora da mai bindiga. Ɗan jagoran ya kafa mini sharaɗi biyu: kada in sauka daga mota, kada in ɗaga murya.

Raƙuman dawa muka fara samu, su biyar, suna cin ganyen ƙaya. Suka tsaya suna kallona, ba mai ko kaɗa kunne. Na ce waɗannan 'yan gidan mutunci ne, sun san darajar mai hoto. Amma ba don masu tsayuwa na ƙona mai ba.

Can sai ga jimina, namiji, baƙi wuluk da farin gashi a fiffike. Ya dube mu sau ɗaya ya zuba. Ni ma na miƙe ta tagar mota, na ɗaga hannun hagu kamar yadda na saba, sai na ji muryata ta cika dajin: "Tsaya! Kar ka motsa!"

Mai bindiga ya sunkuyar da kai. Ɗan jagora ya juya yana kallon wani wuri daban, kafaɗunsa na rawa. Kuma fitilar kyamarata ta walƙa, tsakar rana, ga tsuntsun da ya riga ya kusa kaiwa Cadi.

Ashe kyamarar tana nan yadda na bar ta a bikin daren jiya, kashi ɗaya cikin 60. Ɗan yayata ya yi mini lissafi a bayan kwalin ashana: jimina kan yi kilomita 70 a awa, wato wajen mita 19 a daƙiƙa ɗaya. Kafin kyamarata ta gama ƙiftawa ta riga ta matsa fiye da santimita 30. Abin da ya fito a allon kuwa, kamar an goge gindin tukunya da farin ƙyalle.

Na gyara, na kai saurin kashi ɗaya cikin 2000, na sa ta ɗauka a jere tana ta kat-kat-kat kamar keken ɗinki. Sai wata fitina ta ɓullo. Dogon bakin nan, leƙe ta cikinsa tamkar leƙe ta kafar makulli ne. Kana ganin dabba da idonka ƙuru-ƙuru, da ka kai ido kan kyamara sai ciyawa. Ga ƙasar wurin baƙa ce, ta dare gida-gida saboda rani, mota na tsalle, ni ma ina tsalle. Ita kuma kyamarar ta ɗauki son duniya ta ɗora wa itacen ƙaya: duk lokacin da garken barewa ya gilma, sai ta bar su ta kama reshen da ke gabansu. Ina da hoton ƙaya wanda ko a Faransa ba a taɓa yin mai kyansa ba.

Gadu ma ya wuce da iyalinsa, kowa ya miƙar da wutsiya sama kamar eriyar rediyo. Na samu wutsiyar sau goma sha ɗaya. Na samu sararin sama. Na samu kunnen ɗan jagora, tas, har da tabon da ke bayansa. Hoto ɗari shida da wani abu, rana ta gasa ni, ruwan gorarmu ya zama na shayi.

Muna hanyar fita, wajen bakin daji, rana ta yi ja, ƙura ta tashi, sai wata dabba ja ta faso daga cikin ƙaya ta yanki gabanmu. Wallahi jikina ne ya yi aikin, ba ni ba. Na juya daga ƙugu, na bi ta, na danna. Da na duba allo sai da na yi kabbara: ƙafa huɗu a sama, wuya a miƙe, ƙura a bayanta kamar zinariya. Na miƙa wa ɗan yayata. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kawu, ya fita tas." Ɗan jagora ya yi tari. Na zaro sefa dubu biyar na ba shi tukuici.

Na wanke hoton babba, na sa masa gilashi, na rataye a inda duk mai shigowa zai gani. Kwana uku ana ta sa mini albarka.

Rana ta huɗu mahaucin layinmu ya zo hoton kati. Sarkin Pawa muke ce masa, ko da yake ba wanda ya naɗa shi. Na zaunar da shi, na ce ya dubi nan, amma idonsa na kan bango.

"Malam, wa ya sayar maka?"

"Me?"

"Akuyar nan."

Na ce Sarkin Pawa, ji tsoron Allah, barewa ce daga Waza. Ya tashi ya matsa kusa, ya sa yatsa a gilashin, har ya bar mini maiƙo. "Barewar Waza tana da baƙin layi a haƙarƙari, ina yake? Dubi kunnen nan yadda ya faɗo. Dubi wutsiya ta murɗe sama. Wannan kuma a wuyanta mene ne?"

Ni na ɗauka ciyawa ce ta maƙale. Guntun igiya ne. Akuyar wani makiyayi ce ta tsinke ta shiga daji, ƙarar motarmu ta firgita ta. Ni da na tashi cikin awaki, har na yi musu dussa da hannuna!

Nan take na kira ɗan yayata a waya. Ya ce, "Tun a mota na gani, Kawu. Amma tun safe ba ka yi murmushi ba sai lokacin." Na ce to shi ɗan jagora fa? Ya ce, "Ai ka riga ka ba shi tukuici."

Sarkin Pawa dai bai bar bangon ba. Ya karkata kai ya ce in ba ta da ciki zai saye ta dubu ashirin, don gudun nan ya zubar mata da kitse. Na ce ya koma ya zauna mu gama abin da ya kawo shi. Ya zauna. Na ɗaga hannu na ce, "Kar ka motsa." Sai ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗi. Sau huɗu ina ɗauka, shi ma bai fita ba.