Unguwar da ba ta da dakali

Bara da kaka Baba ya zo wurina da niyyar wata uku. Kwana arba'in da 'yan kai ya yi, ya ce a nema masa jirgi. Ba ciwo, ba wanda ya ɓata masa rai. Jikokinsa na manne da shi, maiɗakina kullum sai ta dama masa fura da geron da muke saye a shagon 'yan Afirka. Unguwar ce ta kore shi.

Ina zaune a bayan garin Greensboro, jihar Carolina ta Arewa a Amurka, garin da 'yan Nijar suka daɗe da yi wa sansani. Unguwarmu tsaf take: gidaje kusan iri ɗaya, kowane da ciyawa shar a gabansa, titi ya lanƙwasa ya je ya ƙare a wani zagaye da ba ya ɓullewa ko'ina. Babu mai tebur, babu mai shayi, babu masallaci, ba ko inda za ka sayi ashana. Kantin da ya fi kusa, sai ka tuƙa mota ka hau babban titi mai layi huɗu wanda ba a yi wa mai ƙafa gefen bi ba.

Kwanansa biyu da sauka, bayan la'asar, Baba ya ɗauki kujerar roba da tasbaharsa ya fita ƙofar gida, kamar yadda ya saba shekara da shekaru a Bilbis, can Tawa. Ina kallonsa ta taga. Maƙwabcinmu na dama ya dawo daga aiki. Tun motar na nesa ƙofar garejinsa ta fara ɗagawa da kanta, motar ta shige, ƙofar ta sauko. Baba ya riga ya ɗaga hannu zai yi gaisuwa. Hannun ya tsaya a sama ɗan lokaci, sannan ya mai da shi kan gwiwa. Haka na hagu, haka na gaba. Da magariba ta yi ya shigo, ya ce daga la'asar zuwa yanzu mutum uku suka wuce da ƙafa, biyu kare ke jan su, ɗayan kuma gudu yake da waya toshe a kunne.

"Kai, ina mutanen garin nan?"

Na ce, "Baba, suna cikin gidajensu."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Annoba aka yi?"

Da gaske yake tambaya, kuma har yau tambayar ba ta bar ni ba.

Wanda bai tashi a Adar ba zai ga dakalin ƙofar gidanmu tudun ƙasa ne kawai da aka shafe da siminti. Amma a kan tudun nan na ga an gama maganar aure kafin a kai goro. Na ga an kashe rigimar iyakar gona kafin ta isa gaban mai gari, balle jandarmomi. Wanda ya dawo daga Abijan a nan yake zube labarin 'yan bida, a ji wane na lafiya, wane ya aiko da saƙo, wane ya kamata a nemo shi. Ranar Lahadi, da kasuwar Tawa ta watse, 'yan ƙauye sukan tsaya su sha ruwan randa, a ji farashin hatsi da na albasa daga bakin wanda ya sayar. In dattijo bai fito asuba biyu a jere ba, kafin hantsi an tura yaro ya leƙa. Ba wanda ya shirya wannan, ba a kiran taro. Mutum ya fito zai je wani wuri, hanyarsa ta biyo ta gaban mutane, sai ya tsaya.

Mu kuma samari muna da fadarmu a kwanar layi. Benci biyu, tabarma, ɗan murhun waya da gawayi, ƙaramar buta mai shuɗin fenti, da ƙananan kofunan gilas guda uku da suke zagaya mutum goma sha. Mai dafawa ya ɗaga buta sama yana tsiyayawa har kumfa ta tashi, na farko da ɗaci, na uku kusan ruwan sukari. Kowa ya kawo abin da ya samu, dala biyar, dala goma na kuɗin sefa, wanda ba shi da ko tamma ya zauna ya sha, ba mai kallonsa. A fadar nan na fara jin yadda ake cika takardun shiga jami'ar Yamai, daga bakin wani da ya girme ni da shekara biyu. A nan muka haɗa kuɗin asibitin mahaifiyar ɗayanmu cikin dare ɗaya.

Shekaruna na farko a nan, abin da nake faɗa shi ne abin da yawancinmu ke faɗa: halin Turawa ne, ba su son mutane. Yanzu na bar wannan magana, domin ba gaskiya ba ce. Maƙwabcin nan da garejinsa ya haɗiye shi a gaban Baba, ranar da iska ta kayar da itace a kan hanyar motata, shi ya fito da zarton inji ya yi awa biyu yana yanka, ya ƙi karɓar ko ruwa. Mutumin kirki ne. Abin da babu tsakanina da shi shi ne wurin da za mu ci karo ba tare da itace ya faɗi ba.

Kuma da gangan aka gina wurin haka, da doka. A 1926 kotun ƙolin Amurka, a shari'ar wani ƙaramin gari mai suna Euclid a jihar Ohio, ta amince wa hukumomin gari su raba ƙasa kashi-kashi: nan gidajen kwana kaɗai, can shaguna, can masana'antu. Bayan yaƙin duniya na biyu aka shiga gina unguwannin bayan gari da dubban gidaje a lokaci guda, irin Levittown da aka fara a 1947 kusa da New York. A 1956 shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar shimfiɗa manyan hanyoyin da suka ratsa ƙasar, har da tsakiyar birane. Daga nan gida ya yi nisa da aiki, aiki ya yi nisa da kasuwa, mota ta zama ƙafa. Yau cikin gida goma a Amurka, tara suna da mota. A unguwata ko da ina so in kafa tebur a ƙofar gida in sayar da sukari da shayi, doka ta hana.

Na kai Baba tsofaffin unguwannin cikin gari, irin Fisher Park, waɗanda aka gina kafin mota ta ci gari. Gidajen suna da faffaɗan baranda a gaba, da kujeru suna fuskantar titi, ga hanyar masu ƙafa a ƙarƙashin inuwar itatuwa. Ya duba ya ce, "To ai waɗannan sun san zaman duniya." Ashe su ma suna da dakalinsu. Na'urar sanyaya ɗaki da talabijin suka mai da mutane ciki, magina suka ɗauke barandar suka kai ta bayan gida, suka ba gareji gaban. Wani masanin zamantakewa nasu, Ray Oldenburg, ya yi rubutu a kan wannan rashi tun 1989, ya kira irin wuraren nan wuri na uku, wato wanda ba gida ba, ba wurin aiki ba. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi cewa kaɗaici ya zama matsalar lafiyar al'umma, kusan rabin manyan ƙasar suna fama da shi. Ke nan tambayar Baba ba ta yi nisa da gaskiya ba.

Abin da ya ƙara tabbatar mini shi ne mu kanmu. Mu ne fa 'yan fada, mu muka tashi a kan dakali. Amma a nan, in ina son ganin abokina ɗan Tawa wanda muka yi lakwal tare, sai mun yi mako muna aika wa juna saƙo a WhatsApp, a duba ranar da ba ya aikin dare, ni ma ba ni da na safe, sannan in tuƙa rabin awa. Ranar Juma'a bayan an sallame, gaisuwarmu a filin ajiye motoci take, kowa da makulli a hannu, ido na kan agogo. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. To mu an raba mu da ƙafar, kuma cikin 'yan shekaru muka koma kamar kowa. Matar wani maƙwabcina ta rasu, gida huɗu tsakaninmu, ban ji ba sai bayan mako uku, da na ga ana fitar da kaya. Na je na yi masa ta'aziyya ina jin nauyin kaina. A Tawa da tabarmi sun rufe layin, ko baƙo ya wuce ya san an yi rashi, ya tsaya ya yi addu'a.

Mun gwada. Wasu watanni mun riƙa ɗaga ƙofar garejina ranar Asabar, mu shimfiɗa tabarma, mu dafa shayi a kan ƙaramin risho. Mutum bakwai, takwas. Sai ga wasiƙa daga ƙungiyar masu gidajen unguwa, wai motoci sun yi yawa a bakin titi. Muka koma falo, muka rufe ƙofa. Shayin bai canja ba, amma ya zama ziyara, sai wanda aka gayyata. Fada kuwa daɗinta shi ne wanda ba a gayyata ba.

Mu da ke da mota da aikin fita ma da sauƙi. Tsoho da ba ya tuƙi, da matar da aka kawo daga gida ba ta samu lasisi ba tukuna, da yara, su ne ɗaurarru. Ina ɗan shekara bakwai Inna ke aike na sayen magi da kuka, in gaida mutum ashirin a hanya, in san gidan kowa. 'Yata ta kai goma sha biyu, ba ta taɓa zuwa ko'ina ita kaɗai ba, domin babu inda ƙafa za ta kai ta. Sai ta kai sha shida ta fara tuƙi.

Ba na cewa fada aljanna ce. Yawan zamanmu a can rashin aikin yi ne ya kawo shi, kuma wanda ya ɗanɗani zaman jiran abin da ba ya zuwa ya san ɗacinsa. Akwai fadar da yarinya ke sauya hanya don kada ta bi ta gabanta. Akwai wadda ƙwaya ta shiga ta lalata. Akwai tsegumin da ya kashe aure. Kuma ƙofar gida ta maza ce, mata nasu taron a cikin gida yake, wurin biki da suna da adashi. Nan ma akwai abin da nake so a kai mana: ɗakin karatun gwamnati, inda kowa zai shiga ya zauna yini guda ba a tambaye shi ko sisi ba. Amma duk aibin fada aibi ne na mutanen da suke ganin juna, ana iya yi musu faɗa su gyara.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da na gani da na je gida. Yamai, wadda ƙidayar 2012 ta ba mutum sama da miliyan ɗaya, tana ta miƙewa ta kowane gefe. An yi gadar sama ta Mali Bero, an yi ta Diori Hamani, an ƙara gadoji biyu a kan kogi bayan ta Kennedy, kuma ba na ƙin wannan, wanda ya taɓa maƙalewa a hanyar Harobanda, unguwar da ke hayin kogi, ba zai ƙi ba. Amma tun 2016 aka bi manyan tituna ana rushe rumfuna da ƙananan shaguna don gari ya yi kyau kafin taron Tarayyar Afirka na 2019. Tare da rumfunan aka kwashe bencin mai shayi da mutanen da ke kansa. Ka shiga sababbin unguwannin bayan gari, a Yamai ko a Tawa, ka ga katanga ta fi mutum biyu tsawo, da waya mai ƙaya a sama, da ƙofar ƙarfe ta shigar mota. Layi guda babu itace ko ɗaya, babu wurin da tsoho zai ɗora jikinsa. Ba doka ce ta tilasta mana ba, mu muka ga wannan shi ne ci gaba.

Kuma da yawa daga gidajen nan kuɗin 'yan bida ne, kuɗinmu. Mu da muke kukan kaɗaici a ƙasar mutane, mu ne ke turo hoton gidan da muka gani a nan mu ce a yi mana irinsa. Ni ma haka na yi. Zanen da na aika wa Yaya na filina a bayan garin Tawa, katanga ce har bakin iyaka, da gareji mai cin mota biyu.

Bayan Baba ya koma na kira Yaya, na ce a dakata. A ja katangar gaba baya da taku uku, a yi dakali dogo a gefen ƙofa, a dasa dogon yaro biyu, a bar gurbin randa. Magini ya karɓi wayar ya ce, "Alhaji, fili za ka yi asara, kuma mutane za su mai da ƙofar gidanka wurin zama." Na ce masa abin da nake biya ke nan. Ya ce to batun ɓarayi fa? Yaya ya amsa masa kafin ni, ya ce layinsu na Bilbis fada ce ke kwana a kwanarsa, kuma ɓarawo ya fi son layin da ba kowa.

Har yanzu ba a rufa gidan ba, kuɗin kwano bai taru ba. Amma dakalin ya bushe. Makon jiya Yaya ya turo mini hoto: Baba a zaune a kai da tasbaharsa, ɗan kabu-kabu ya kawo shi tun daga Bilbis, gefensa wasu dattawa biyu da ban san su ba, da wani yaro tsugune yana fifita gawayi. Itatuwan ko gwiwa ba su kai ba, an kewaye su da ƙaya saboda awaki.