Ku Daina Yi Wa Wanda Ya Faɗi Dariya

Jiya da daddare a teburin mai shayin unguwarmu na tarar da samari sun yi cincirindo a kan waya guda, suna ta ƙyalƙyata dariya har wani na dukan cinya. Da na leƙa, sai na ga bidiyon wata yarinya 'yar ƙasar Sin a wasan zamiyar ƙanƙara na bibiyu, abokin wasanta ya cilla ta sama, ta dawo ta bugu da ƙanƙara, ta zame har jikin shinge. Suna ta maimaita wurin faɗuwar. Wallahi raina ya ɓaci.

Ƙannena, yarinyar da kuke wa dariya Zhang Dan ce, a gasar Olamfik ta 2006 a Turin ta ƙasar Italiya. Wanda ya yanko muku bidiyon bai nuna muku ta miƙe da ciwo a gwiwa ba, ta koma fili ita da abokin wasan nata Zhang Hao, suka ƙarasa wasan, suka tafi da lambar azurfa. Daƙiƙa goma na faɗuwarta kawai kuka gani, kuma ita ce ta yi muku daɗi. Wannan hali shi ne ke damuna, don ba a kan 'yan wasa ya tsaya ba.

Bari in ba ku labarin Sui Wenjing, wata 'yar wasan zamiyar ƙanƙara. An haife ta a 1995 a Harbin, birnin sanyi da ke arewa maso gabashin Sin. Tana yarinya ta ga gwanayen ƙasarta Shen Xue da Zhao Hongbo suna wasan a talabijin, sha'awar abin ta shige ta. A 2007 aka haɗa ta da Han Cong, kuma tun daga farko masu baki suka ce ba za su kai ko'ina ba, wai Han bai fi ta tsawo sosai ba, alhali a wasan nan namiji ne ke ɗaga mace sama da kansa ya kuma cilla ta. Hassada ga mai rabo taki ce. Suka cinye gasar matasa ta duniya sau uku a jere, 2010, 2011 da 2012. Sai ciwo ya sako ta gaba. A 2016 aka yi mata tiyata a ƙafafuwa biyu, sai da ta sake koyon tafiya kamar jaririya. Shekara ba ta cika zagayowa ba suka zama zakarun duniya a Helsinki a 2017. A Olamfik ta 2018 a Koriya ta Kudu zinare ya kuɓuce musu da maki 0.43 kacal, Jamusawa Savchenko da Massot suka ɗauke. Ku yi tunani, ko maki ɗaya bai cika ba! Da a cikinmu ne, da an yi mako ana yawo da hotonta tana kuka, ana rubuta maganganun banza a ƙasa. Shi ma Han aka yi masa tiyata a ƙugu a 2020, ta jira shi kamar yadda ya jira ta. A 2022 a Beijing suka ci zinaren, da ratar maki 0.63 a kan 'yan Rasha. Shekara 15 ana faɗuwa ana tashi. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Kuma wasan nan ma a ƙasar Sin a kan dariyar mutane aka gina shi. A 1980 a Dortmund ta Jamus, 'yan Sin Yao Bin da Luan Bo suka zo na ƙarshe a gasar duniya, 'yan kallo suka yi musu dariya. Yao Bin ɗin nan shi ya horar da Shen da Zhao har suka ci zinare a Vancouver a 2010, Luan Bo kuma ita ta fara horar da Sui da Han. Waɗanda suka yi dariya a wannan rana, wa ya san sunansu yau?

To mu fa? Yaro ya faɗi jarrabawa, abokansa ne na farko wajen laƙa masa suna. Yarinya ta fara koyon ɗinki ta ɓata yadi, sai a ɗauki hoton rigar a watsa. Wani ya buɗe shago ya karye, majalisa ta samu abin hira na wata guda. Mai koyon Turanci ya yi kuskure a baki, a kwaikwaye shi har ya daina buɗe baki. Masu dariyar nan kuwa, yawancinsu ba su taɓa gwada komai ba. Suna nan daga safe zuwa dare kan cacar ƙwallo, kuɗin da uwa ta samu da tuyar ƙosai ake zubawa, wasu ga kwalbar maganin tari a aljihu. Wannan ma wata masifa ce mai zaman kanta, Allah ya shirya.

Ni dai abin da nake roƙo, ku ji tsoron Allah, ku kame bakinku da yatsunku. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ku riƙa ƙarfafa wa juna gwiwa, iyaye kuma su sa ido.

A da ba haka muke ba. A filin kokawa in aka kayar da mutum, mutanensa ke zuwa su kakkaɓe masa ƙasa, makaɗi ma ya san yadda zai ambace shi ba tare da ya tozarta shi ba. Yaron maƙera ya ɓata ƙarfe, maigida ya yi faɗa, amma faɗan ba ya fita daga rumfa. Akwai kunya, akwai rufin asiri, babba yana iya tsawata wa ɗan kowa a kan hanya. Yanzu mutum ya faɗi daga babur, kafin a samu mai kama hannunsa an samu mutum biyar da suka ɗaga waya. Na san yara masu basira a unguwar nan da suka ajiye sana'a suka koma zaman banza, ba don ta gagare su ba, sai don gudun bakin abokai, kuma har yau babu ɗaya daga cikin abokan nan da ya je ya ce musu su dawo.