Kwamfuta ta fara karanta hoton ƙirjinmu, wa ke sa mata ido?

A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a riƙa amfani da manhajar kwamfuta wajen karanta hoton ƙirji don zaƙulo masu tarin fuka, a madadin idon likita, ga waɗanda suka kai shekara 15 zuwa sama. Ga Najeriya wannan babban labari ne. Mu ne kan gaba a Afirka wajen yawan masu wannan ciwo, ƙiyasin hukumar na nuna kusan mutum rabin miliyan ke kamuwa duk shekara, kuma da dama daga cikinsu sunansu bai taɓa shiga rajistar wani asibiti ba. Suna gida suna fama da tari, yau a jiƙa musu sassaƙe, gobe a sayo musu maganin tari a kemis, waɗanda suke kwana ɗaki ɗaya da su kuma suna shaƙa. Likitan da ya ƙware a karatun hoto, in ka bar manyan asibitocin birni, sai an tona. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗa da bakinsa a 2025 cewa likitoci fiye da 16,000 sun bar ƙasar nan cikin 'yan shekarun da suka wuce.

Saboda haka ina cikin masu maraba da ƙirƙirarriyar basira a harkar lafiya, kuma ba na jin daɗin yadda wasu ke yi mata kallon abin tsoro tun ba su ga aikinta ba. Abin da ya dame ni shi ne gaggawar da ake yi wajen saye da ƙaddamarwa, alhali tambayoyin da ya kamata a yi tun kafin a sa hannu a takarda ba a yin su a bainar jama'a.

Ga yadda aikin yake. Ƙungiyoyin yaƙi da tarin fuka irin su KNCV sun daɗe suna shiga unguwanni da ƙauyuka a jihohi da dama da motoci masu ɗauke da na'urar hoto, akwai ma ƙaramar da ake goyawa a baya. Mutum zai tsaya ya manna ƙirjinsa, a ce ya ja numfashi ya riƙe. Kafin ya gama gyara rigarsa hoton ya fito a kwamfuta, manhajar ta shafa launi a wurin da take zargi a huhu, ta kuma ba da maki. A manhajar CAD4TB ta kamfanin Delft na ƙasar Holan makin daga 0 zuwa 100 ne. Wanda makinsa ya haura wata iyaka da aka tsayar sai a ba shi ɗan kwalba ya kawo kaki, a sa a na'urar GeneXpert, wadda ke iya ba da sakamako cikin kimanin awa biyu. In an samu ƙwayar cutar sai a ɗora shi a kan magani na wata shida, kyauta. Wanda makinsa bai kai ba kuwa sai a ce masa ya tafi, Allah ya ƙara lafiya.

Wannan iyakar ita ce wurin da nake so mai karatu ya tsaya. Mutum ne ke tsayar da ita. In an sa ta ƙasa, jama'a da yawa za su haura, kwalaben kaki su taru, kayan gwajin da ake sayowa da dala su ƙare a kan masu lafiya. In an ɗaga ta sama, za a yi tsimin kayan gwaji, amma wasu masu ciwon za su koma gida da kwanciyar hankalin ƙarya. Abin kamar mudu ne, kowace kasuwa da nata, kuma wanda ya auna hatsin nan da mudun wani gari dole ya cuci mai saye ko mai sayarwa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi kowane shiri ya gwada ya daidaita iyakar da irin mutanen da yake dubawa. Wani bincike da aka yi a Bangaladesh, aka wallafa a 2021, ya gwada manhajoji biyar ya ga sun fi ƙwararrun likitocin hoto gano tarin fuka, amma ya kuma ga ƙarfinsu na raguwa a kan tsofaffi da waɗanda suka taɓa yin ciwon suka warke, domin tsohon tabo a huhu yana ruɗa su. An kuma lura cewa in kamfani ya sabunta manhaja, maki 50 na jiya ba lallai ya zama maki 50 na yau ba. To wa ke tsayar da iyakar a Kano ko Katsina ko Bauchi, da wace hujja, kuma wa ke sake dubawa in an sabunta? Jama'ar da ake ɗaukar hotonsu suna da haƙƙin jin amsar.

Abin da ya faru a Tailan ya isa darasi. Kamfanin Google ya ƙera manhajar da ke duba hoton cikin ido don gano lalacewar da ciwon suga ke yi kafin ta kai ga makanta. A ɗakin gwaji ta yi daidai fiye da kashi 90 cikin ɗari. Da aka kai ta ƙananan asibitoci 11, masu binciken kamfanin da kansu suka ba da rahoto a 2020 cewa ta ƙi karɓar kashi 21 cikin ɗari na hotunan. An koyar da ita da hotuna masu kyau ƙwarai, su kuma ma'aikatan jinya suna ɗauka ne a ɗakunan da haskensu bai dace ba, ga layi ya yi tsawo, ga intanet na jan ƙafa. Wanda aka ƙi hotonsa sai a ce ya je wani asibitin ya ga ƙwararre, wato kuɗin mota da asarar wunin aiki, wani lokacin kuma ma'aikaciyar jinyar tana kallon hoton da idonta ta ga babu komai. Na yaba wa masu binciken da suka fito da wannan fili. Duk wanda ya san ƙaramin asibitin karkara a arewa, inda wuta sai ta janareto ko sola, ga ƙurar hunturu na shiga ko'ina, ya san abin da ya sami Tailan zai iya ninkuwa a nan.

Kada kuma a ɗauka matsalar ta talauci ce kawai. A Amurka asibitoci ɗaruruwa sun yi amfani da wata manhajar kamfanin Epic da aka ce tana hango majinyacin da ƙwayoyin cuta ke shirin gurɓata masa jini. Da masu bincike a Jami'ar Mishigan suka auna ta da bayanan asibitinsu, suka wallafa a 2021, sai ga shi ta kasa gano kashi 67 cikin ɗari na masu wannan larura, tana kuma buga ƙararrawa a kan kashi 18 cikin ɗari na duk waɗanda aka kwantar. Ma'aikacin da ƙararrawa ta dame shi a banza sau goma, ranar ta gaskiya ba zai ɗaga kai ba. Daga baya kamfanin ya sake fasalin manhajar, amma sai da wasu na waje suka auna tukuna. Wani binciken na 2019 ya gano wata manhajar da ke zaɓen majinyatan da za a ba kulawa ta musamman tana auna tsananin ciwo da yawan kuɗin da aka kashe wa mutum a baya. Da yake ana kashe wa baƙaƙen fata kuɗi kaɗan ko da ciwonsu ya fi, sai ta ɗauke su a matsayin masu sauƙi. Masu binciken sun lissafa cewa da an gyara, kason baƙaƙen fata cikin masu samun kulawar zai tashi daga kashi 17.7 zuwa kashi 46.5. Babu wanda ya rubuta wariya a cikin manhajar da gangan, daga bayanan ta ɗauko.

Wannan na biyun ya fi tsaya mini a rai, domin na san su wa ke cikin bayanan asibitocinmu da su wa babu. Matar ƙauye da ta haihu a gida ba ta cikin kowace kwamfuta. Bafulatanin da ke ruga, almajiri, tsohon da ya haƙura da zuwa asibiti saboda kuɗin kati, duk babu su. In aka koyar da manhaja da fayilolin asibitocin kuɗi na Legas da Abuja, sannan aka ce ta san ɗan Najeriya, to wani ɗan Najeriya ta sani, kuma ba shi ne ya fi buƙata ba.

Sai batun yarda, wanda a Kano ba a buƙatar dogon bayani a kansa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana a wani gwaji da ya haɗa yara 200. Yara 11 sun rasu, wasu sun nakasa. Kamfanin ya dage cewa ciwon ne ya kashe su kuma an nemi izinin iyaye da baki, iyaye da dama kuwa sun ce ba su san gwaji ake yi ba. A 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Tsakanin nan, a 2003, aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano kusan shekara guda, kuma labarin Trovan na cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi. Cutar ta sake bazuwa har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Yaran da suka shanye a lokacin ba su da hannu a laifin kowa. Abin da ake yi wa mutane a ɓoye da sunan taimako, ranar da ya fito fili har abin alherin da ke kusa da shi yake ƙonawa, kuma ba na so a wayi gari ana jifar motar hoton ƙirji saboda wani ya yi ƙyuyar yin bayani na minti biyu.

Bayanin ba mai wahala ba ne. A gaya wa mutum da Hausa, ko Fulatanci, ko Kanuri: Baba, kwamfuta ce za ta fara duba hotonka, tana iya kuskure, in tarin bai tsaya ba ka dawo ko da ta ce babu komai. A gaya masa inda hoton zai je da wanda zai gan shi. A Ingila, hukumar kare bayanai ta yanke a 2017 cewa asibitin Royal Free na Landan ya saɓa doka da ya miƙa wa kamfanin DeepMind bayanan majinyata kusan miliyan 1.6 ba tare da an sanar da su yadda ya kamata ba, duk da cewa manufar ita ce gano ciwon ƙoda da wuri. Mu ma muna da doka. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, ta kuma ba mutum haƙƙin ƙin a yanke masa hukunci mai nauyi da na'ura zalla ba tare da sa hannun ɗan Adam ba. Saura aiki da ita a asibitin gwamnati, inda majinyaci ke ganin tambaya ma rashin kunya ce ga likita.

Akwai kuma tambayar wanda zai tsaya bayan an tashi daga bikin ƙaddamarwa. Kamfanin Babylon na Birtaniya, wanda ya yi ta tallar likitan waya mai ƙirƙirarriyar basira, ya ƙulla yarjejeniyar shekara goma da gwamnatin Ruwanda a 2020. A 2023 ya durƙushe, reshensa na can ya rufe, ya bar mutane fiye da miliyan biyu da suka yi rajista. A namu ɓangaren, kaso mai tsoka na aikin neman masu tarin fuka da kuɗin tallafin waje ake yi, kuma kowa ya ga yadda abubuwa suka girgiza a 2025 da gwamnatin Amurka ta rushe hukumar USAID. Manhaja tana da kuɗin lasisi, na'ura tana buƙatar gyara da batir. In kasafin jiha bai tanadi waɗannan ba, ranar da mai tallafi ya naɗe tabarmarsa kayan za su koma sito su sha ƙura.

Ba na goyon bayan masu cewa a dakata sai an kammala dokoki. Mai tarin fuka ba zai jira majalisa ba, kuma hoton da kwamfuta ta karanta ya fi hoton da babu mai karantawa. Amma abin da nake nema bai fi ƙarfin kowace ma'aikatar lafiya ta jiha ba. Kafin a biya kuɗin wata manhaja a gwada ta a kan majinyatanmu, a hannun likitocin jami'o'inmu da ba su da alaƙa da mai sayarwa. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika suna da masu iya wannan. A rubuta a yarjejeniya cewa hotuna da bayanan mallakar ma'aikatar ne, kuma kamfani ba zai sauya manhaja ba sai ya sanar. Hukumar NAFDAC, da ke rajistar kayan aikin asibiti, da majalisar da ke ba likitoci lasisi su fayyace wanda za a tuhuma in na'ura ta ce lafiya lau mutum ya je ya mutu, don kada a sauke komai a kan ƙaramin ma'aikacin da ya danna maɓalli kamar yadda aka koya masa. Shi ma a ba shi ikon saɓa wa kwamfuta: in ya ga mutum ya rame, yana gumin dare, yana tari fiye da mako biyu, ya karɓi kakinsa ko da makin bai kai ba, kuma kada wani shugaba ya tsawata masa a kan ɓarnar kayan gwaji.

Sannan a riƙa fitar da lissafin da ya fi na yawan hotunan da aka ɗauka amfani. Cikin waɗanda manhajar ta zarga, nawa ne aka gwada kakinsu, nawa suka fara magani, nawa suka kai wata shida? Cikin waɗanda ta sallama, nawa suka dawo daga baya da ciwon? Kowace jiha da ke da waɗannan na'urori za ta iya buga wannan duk wata uku, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, a kuma karanta a rediyo inda masu ciwon za su ji.