Alhaji da saitin manya

(Dare ne, Alhaji zai kwanta da injin da likita ya rubuta masa, mai hura iska ta takunkumi don kada numfashinsa ya tsaya a cikin barci, wanda ake kira CPAP.)

ALHAJI: Kai yaro, ɗauke hannunka daga kan maballin nan. Wa ya aike ka?

ƊAN BOKO: Baba saitin takunkumi kawai zan gyara, ba zan taɓa ƙarfin iskar da likita ya sa ba. Duba allon ka gani, zaɓi uku ne, Ful Fes da Nezal da Filos, kai kuma ka je ka ajiye shi a Ful Fes.

ALHAJI: To a ina kake so in ajiye shi? Abu mataki uku, na manya, na matsakaita, na yara, sai in tsallake nawa in je in zauna a na yara?

ƊAN BOKO: Ba mataki ba ne Baba, injin tambayarka yake wane irin takunkumi ne a fuskarka. Ful Fes shi ne babban nan mai rufe hanci da baki gaba ɗaya, Nezal mai rufe hanci kaɗai, Filos kuma shi ne irin naka mai 'yan robobi biyu da suke zama a ƙofar hanci.

ALHAJI: Wato nawa ne ƙaramin.

ƊAN BOKO: Shi ne wanda ya fi rashin nauyi...

ALHAJI: Na ce nawa ne ƙaramin ko ba nawa ba ne? To takunkumi ƙarami, saiti ma ƙarami, a rage min ta nan a rage min ta can, ni da gidana? Na haƙura da ƙaramin takunkumi saboda gemu, amma saiti kam na manya zan ci.

(Gemun nan fa shi ne asalin rigimar. Da babban takunkumin aka fara, robar ta ƙi kama fata saboda gashi, iska ta dinga sulalewa ta gefe tana hura masa ido har gari ya waye, likita ya ce ko a rage gemu ko a canza takunkumi, Alhaji ya ce ai akwai na uku, a canza likita.)

HAJIYA: Alhaji dan Allah ka bar yaron nan ya gyara abin nan mu samu mu runtsa, jiya kwana na yi ina jin fiiiii a kunnena kamar tayar da ƙusa ta huda.

ALHAJI: Ke dai ba a raba ki da ƙorafi. Da kin ce minshari, yanzu kin ce fiii. Ni fa har yau ban yarda ina minshari ba, ban taɓa jin kaina ba ko sau ɗaya.

HAJIYA: Yo ta ina za ka ji kai da ka yi nisa? Ni ba ma minsharin ne ya fi tayar min da hankali ba, shirun da yake biyo bayansa ne, sai ka yi ɗif ba numfashi ba motsi har in tashi zaune in kai hannu in taɓa ka, sannan ka zabura ka jawo iska da ƙarfi ka juya ka ci gaba abinka, ka bar ni ido biyu.

ƊAN BOKO: Ai shi ne ciwon Mama. Naman maƙogwaro ne yake saki in barci ya yi nauyi sai ya toshe hanya, in numfashi ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye sai a ƙirga ɗaya. Daga 5 zuwa 15 a awa shi ne mai sauƙi, 15 zuwa 30 matsakaici, sama da 30 mai tsanani. Na Baba a gwajin barci 38 ya fito.

ALHAJI: Kin ji ko? Sama da 30. Mai tsanani. Ajin ƙarshe kenan. Mutumin da likita da hannunsa ya rubuta a ajin manya shi za ku ce ya koma Filos?

HAJIYA: Yanzun nan fa ka ce ba ka minshari.

ALHAJI: Ba na yi. Amma in ma ina yi to ba irin na ƙananan mutane nake yi ba.

ƊAN BOKO: Baba saurara ka ji yadda abin yake. Injin a can kan tebur yake auna iska, ba a cikin hancinka ba. In iskar ta biyo tiyo ta zo ratsa 'yan matsattsun ƙofofin robar nan ƙarfinta raguwa yake, to in ka faɗa masa Filos ne sai ya ɗan ƙara ya cike giɓin, iska mai ƙarfin 10 ɗin da likita ya rubuta ta iso maka cikakkiya. In ka ce masa Ful Fes shi zato yake hanya a wangale take ba zai ƙara komai ba, abin da yake isowa sai ya ɗan gaza. Kuma kowane takunkumi da adadin iskar da aka ƙera shi ya riƙa fitarwa, injin sai ya cire wannan tukun kafin ya faɗa maka yoyo nawa aka yi cikin dare, ka ga in ka ba shi sunan ƙarya lissafin yoyon ma ƙarya zai ba ka.

ALHAJI: Ya ɗan gaza. Nawa ne ɗan?

ƊAN BOKO: To gaskiya ba wani mai yawa can ba ne, amma...

ALHAJI: Hajiya ki zama shaida, da bakinsa ya ce ba yawa.

ƊAN BOKO: Ban gama ba Baba.

ALHAJI: Ka gama. A kan abin da ba yawa ka hana ni kwanciya, ka tsaya a kaina kana min lacca da hannu a aljihu. Duk kuɗin makarantar da na zuba ashe na ɗan gaza ka je ka karanto.

ƊAN BOKO: Tsaya tsaya, meye wannan a jikin takunkumin? Salatif?

ALHAJI: Ni na liƙe. An kawo min kaya da hujoji birjik iska tana zuba a banza, iskar da na sa kuɗina na saya. Kai da bokonka ba ka gani ba, ni da ban je ba ni na gano yoyon.

ƊAN BOKO: Innalillahi, Baba ta nan fa numfashin da ka fitar yake fita! Da gangan aka huda su. In ka toshe, gurɓatacciyar iskar da ka fitar ita za ka dinga mayarwa ciki dare guda, wannan ba abin wasa ba ne wallahi, shi ya sa kwana biyun nan kake tashi da ciwon kai.

HAJIYA: Kuma ga mai fiii ɗina na gano shi, ta gefen salatif take tsiyaya.

ALHAJI: Ciwon kaina na tunani ne. Mai iyali ba ya rasa ciwon kai.

(In za a yi adalci ba laifinsa shi kaɗai ba ne. Wanda ya sayar da injin kuɗi ya karɓa ya miƙo kwali ya ce Allah ya ƙara lafiya, ko minti biyar bai ɓata ba ya nuna wannan na kaza ne wannan kar a taɓa, haka suke yi wa mutane sai ka ce fanka suka sayar maka. Littafin bayanin kuwa yana nan cikin ledarsa ko ɓarewa ba a yi ba, Alhaji ya ce karanta littafi na waɗanda ba su iya ba ne.)

ALHAJI: Bari in kira wanda ya san abin, ya riga ni fara amfani da shi. Halo, Malam Na-Sani, kana ji na? Naka injin a me ka ajiye takunkumi?

NA-SANI: X1 mana Alhaji, kowa X1 yake sawa. Kuma in gaya maka gaskiya ka manta da likita, ka murɗa ƙarfin zuwa 20 kawai ka huta, Amurkawan da suka ƙirƙiro abin ma haka suke yi.

ALHAJI: Yaro nemo min X1.

ƊAN BOKO: Babu shi a namu Baba. Nasa na kamfanin Philips ne, su lamba suke ba takunkumansu ka duba ka shigar, namu na ResMed sunan nau'in takunkumin yake tambaya. Kuma ba Amurkawa ba ne, wani likita ne Colin Sullivan a birnin Sidni na Ostireliya, a 1981 ya wallafa sakamakonsa, da motar injin shara ma ya haɗa na farko ya juya ta tana hurowa maimakon zuƙa.

ALHAJI: Injin shara? Da hancin mutane?

NA-SANI: Yaran yanzu kenan, komai sai sun yi musu. Alhaji ni dai na faɗa maka, 20.

ALHAJI: Tsaya ma tukun. Wai har 20 yake kaiwa?

ƊAN BOKO: Daga 4 zuwa 20 yake.

ALHAJI: Ni kuma aka ba ni 10. Rabi. Na biya kuɗin inji cikakke ba a rage min ko sisi ba, likita ya zauna a kujerarsa ya yanke min rabi, sauran 10 ɗin wa aka ajiye wa? Hajiya kina ji fa, ashe duk kwanakin nan rabin iska nake sha.

ƊAN BOKO: Daidai abin da zai riƙe maƙogwaronka a buɗe aka auna aka ba ka. In ya yi yawa takunkumin ɗagawa zai yi yoyo ya ƙaru, kuma ka dinga haɗiyar iska cikinka ya kumbura.

HAJIYA: Ta fita ta sama ta fita ta ƙasa, ni ce dai a tsakiya. Malam Na-Sani dan Allah a gaida iyali, sai da safe.

(Ƙit ta kashe wayar. Shi Na-Sanin nan in ka bincika nasa injin yana cikin kwali a saman sif tun watan da ya saye shi, amma kowa ya yi sabon inji shi ne mai ba da lamba, lambar da aka auna da maƙogwaron wani.)

HAJIYA: Tunda an buɗe fai-fai, faɗa masa maganar baki ma.

ƊAN BOKO: Eh Baba, in barci ya ɗauke ka bakinka buɗewa yake, iskar ta shiga ta hanci ta fice ta baki, shi ya sa kake tashi harshe a bushe kana neman ruwa. Akwai wani madauri mai laushi da ake zagayowa ta ƙarƙashin haɓa zuwa saman kai ya riƙe bakin.

ALHAJI: A ɗaure min baki. A gidana.

HAJIYA: Akwai na rana?

ALHAJI: Na ji ki. Ku duka na ji ku. An sa min roba a hanci na yi shiru, an ba ni rabin iska na yi shiru, an ce in sauka daga ajin manya, yanzu kuma baki za a ɗaure, gobe sai ku ce ido. To ku sani ni bakina ba ya buɗewa in ina barci, ni mutum ne mai kamun kai ko a farke ko a... ko a... ni tun ina saurayi ba a taɓa... ba a...

(Kai ya langaɓe, baki ya wangale, minshari ya ɗauka tun daga tushe. Wannan ma yana daga cikin ciwon, mutum yana tsakiyar magana barci ya sace shi.)

HAJIYA: Maza ɓare salatif ɗin nan. A hankali kar ka ja gemu.

ƊAN BOKO: Na ɓare. Na mayar da shi Filos, bari in sassauta madaurin gefen nan ma, ya ɗaure shi tamau har ya yi masa shaida a kumatu, shi a ganinsa matsewa ce take hana yoyo alhali lanƙwasa robar take yi. Mama riƙe min kansa in zura na haɓar.

HAJIYA: Wannan kam ni zan ɗaura da hannuna, na daɗe ina jira.

Da safe.

ALHAJI: Ku zo ku gani! Ina ɗan bokon? Zo karanta da bakinka. Fuskar nan da kullum take fitowa a allon injin ja a murtuke yau ga ta kore tana murmushi. Karanta lambar.

ƊAN BOKO: Tsayawar numfashi 3 a awa, yoyo kuma bai kai lita 24 a minti ba, ƙasa da iyaka kenan.

ALHAJI: Daga 38 zuwa 3! Ba ciwon kai, ba bushewar baki. Da na biye muku na koma na yara da yanzu ina nan ina fama. Ful Fes kenan yaro, inji ma ya san wanda yake hura wa. Wannan ƙyallen da na tsinta a haɓata kuma ban san wa ya sa ba amma na yafe.

HAJIYA: Allah ya ƙara lafiya Alhaji.

ALHAJI: Amin. Kuma na yanke shawara, tunda saitin manya ya karɓe ni haka da ƙaramin takunkumi, ina ga in an haɗa shi da babban? Yaro hau saman sif ka sauko min da wancan mai rufe hanci da baki, yau da shi zan kwana, saitin kuma kar wanda ya taɓa min, a bar shi yadda yake.

HAJIYA: Kai faɗa masa.

ƊAN BOKO: Mama ni jarrabawa gare ni ƙarfe takwas.