Tarihin Plains ya wuce gunkin gyaɗa

Tun da aka binne tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, wanda manomin gyaɗa ne a da, a garinsu Plains na jihar Jojiya ranar 9 ga Janairun 2025 abu ɗaya ke ci min tuwo a ƙwarya, duk ɗan jaridar da ya je garin sai ya tsaya gaban ƙaton gunkin gyaɗar nan mai washe haƙora ya ɗauki hoto, wai shi ke nan ya nuna mana tarihin gari. Haba dai!

Garin nan dogo ne ya haife shi. Da aka shimfiɗa layin jirgi a 1885 mutane suka tattara ya-nasu-ya-nasu daga tsohon matsuguninsu suka dawo bakin dogo, aka gina tasha a 1888, ta nan auduga ke fita kasuwa, daga baya gyaɗa ta biyo, duk wanda ya san abin da isowar jirgi ta yi wa gyaɗar Kano ba sai an masa dogon bayani ba. Shi kansa Carter a wannan tsohuwar tashar ya buɗe ofishin kamfen ɗinsa na neman shugabancin ƙasa a 1976, kuma a jirgi mutanen garin suka tafi Washington bikin rantsar da shi.

Amma abun da ya fi min ciwo shi ne Archery, ƙauyen da Carter ya taso, kamar mil uku daga Plains. Gidajen baƙar fata wajen 25 ne, na farare biyu kacal, su Carter da gidan shugaban leburorin dogo. Su wa ke gyaran layin cikin zafin rana? Baƙaƙen nan ne, a zamanin da doka ta hana su zama ɗakin jira ɗaya da farar fata, ga Bishop William Decker Johnson da ya kafa musu makaranta a wurin, wallahi da wuya ka ji an ambace shi a rahoto.

Masu cewa ba don Carter ba wa zai san garin da bai kai mutum 600 ba, sun manta shekara kusan 40 garin na nan kafin a haife shi a 1924.

Jirgin 'yan yawon buɗe ido na SAM Shortline yana tsayawa a Archery. To a tono sunayen leburorin nan daga takardun kamfanin jirgin, a rubuta su a jikin allo daidai inda fasinjoji ke sauka.