Masu haɗa mana kayan sarrafa gida da waya, ku ji tsoron Allah

Ina da magana da masu bin gidaje a garin nan na Katsina suna haɗa wa mutane makunnai da soket masu aiki da intanet, kuma ba zan sassauta ba. Kuna zuwa da baki mai daɗi ku ce daga yau gida zai riƙa kula da kansa: fitilar ƙofar gida ta kama da magariba ta mutu da asuba, samo, wato injin jan ruwa daga rijiya, ya tashi idan ruwan tanki ya yi ƙasa, fanka ta tsaya idan an fita daga ɗaki. Ku gwada a gabanmu da rana tsaka, ga wuta ga sabis, ku karɓi kuɗinku ku kama gabanku. Abin da ba ku faɗa shi ne, yawancin kayan nan an ƙera su ne don gidajen da ba a ɗauke wa wuta kuma intanet ɗinsu ba ya yankewa. Mu kuwa kowa ya san halin da muke ciki.

Kowace ƙa'ida da ake rubuta wa waɗannan na'urori abu uku ce: abin da zai tayar da ita, sharaɗin da za ta duba, da aikin da za ta yi. Idan rana ta faɗi, kuma ƙofa a rufe take, to kunna fitilar waje. Shi ke nan. Tambayar da ya kamata kowane mai gida ya yi ita ce, ina wannan ƙa'ida take zaune? A cikin kayan arahar da suka cika kasuwa, galibi ba a gidanka take ba. Tana can kan kwamfutocin kamfani a wata ƙasa. Na'urar da ke jikin ƙofarka sai ta aika saƙo ya tsallaka teku, a duba can, a maido da umarni, sannan fitilar da ke taku biyar daga ƙofar ta kama. Data ta ƙare, ko sabis ya yi rauni, to ƙa'ida ta mutu, kai kuma ka kwana cikin duhu.

Kada wani ya ce mani ai yankewar sabis abu ne na jefi-jefi. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, har da Funtua da Malumfashi da Dutsin-Ma. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasar nan ta yi kwanaki tana fama, har bankuna suka ji a jikinsu. Ko a Amurka ba su tsira ba: a Afrilun 2022 kamfanin Insteon mai ƙera irin waɗannan kayan ya kashe kwamfutocinsa ba tare da sanarwa ba, mutane suka wayi gari manhajarsu ba ta magana da kayan gidajensu. Da wanda ya haɗa mani nawa ya faɗi ko ɗaya daga cikin wannan, wallahi da ban yarda an jingina ruwan gidana da fitilun tsarona a kan intanet ba.

Sai maganar wuta, kuma nan ne ran mutum yake ɓaci sosai. Ƙa'idar da aka ɗaura wa lokaci sau ɗaya take bugawa. An ce ƙarfe shida da rabi a kunna fitila. Idan a wannan minti babu wuta, umarnin ya wuce ke nan, ko da an kawo wuta bayan isha'i ba wanda zai tuna ya kunna ta. Maganin abin ƙa'ida ta biyu ce mai cewa idan wuta ta dawo, kuma dare ne, to kunna. Aikin da ba zai ci minti goma ba. Amma ba a yi mani ba. Haka kuma irin makunnin da aka sa mani yana da wurin da ake zaɓa masa abin da zai yi idan wuta ta dawo: ya kama, ya zauna a kashe, ko ya koma yadda yake kafin a ɗauke. Makunnin samo an bar mani shi a kan ya kama. Cikin tsakar dare aka kawo wuta, samo ya tashi da kansa, tanki ya cika ya yi ta ambaliya. Da asuba na fito alwala na tarar da tsakar gida ta zama tafki, tabarmin da aka bari a waje yana yawo a kan ruwa, ruwan ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya jiƙa buhun geron da ke ɗakin ajiya. Ruwan da maƙwabta ke biyan 'yan ga-ruwa kuɗi su samu, shi ne ya kwana yana bin kwata.

Da na sa wani mai gyaran wuta ya buɗe akwatin, sai ga abin da ya fi wannan muni. An ɗora samo kai tsaye a kan ɗan ƙaramin makunni mai ɗaukar amfiya 10. Duk wanda ya san inji ya san lokacin tashi yana jan wuta ninkin ba ninkin abin da yake ja idan ya daidaita, balle ranar da aka kawo ta ba ƙarfi. Bakin makunnin ya riga ya fara ƙonewa, kuma irinsa idan ya narke mannewa yake yi, ka danna kashe a waya ta nuna maka ya mutu alhali inji yana ta aiki. Ƙa'idar aikin ita ce a sa kwantakta, wato babban makunni mai jure wutar inji, ta ɗauki nauyin, ɗan makunnin ya zama mai ba ta umarni kawai, a kuma bar bulo mai iyo a cikin tanki ya yanke wuta idan ruwa ya cika, ko da intanet ko babu. Wannan sakacin gobara yake jawowa, a gidan da yara ke kwana.

Ƙananan abubuwan kuwa ba su ƙirguwa. Wuta ta dawo, makunnai su farka cikin daƙiƙoƙi, rauta kuma, wato na'urar da ke raba intanet a gida, sai ta ɗauki minti ɗaya ko biyu, kafin ta shirya wasu sun gaji da nema sun yi zamansu. Yawancinsu Wi-Fi mai 2.4 GHz kaɗai suke ganewa. Masu aiki da Zigbee kuma, wata hanyar sadarwar na'urori da ba Wi-Fi ba, tsarinsu na miƙa-miƙa ne, kayan da ke jone da wuta su ne ke karɓar saƙon ƙananan na'urori masu batir su tura gaba. An ɗauke wuta, hanyar ta wargaje, masu batir su yi ta lalube har batirinsu ya ƙare kafin lokacinsa. Na'urar jin motsi ɗumin jikin mutum take bambancewa da na wurin da yake. A watan Afrilu, da zafin Katsina ke haura digiri 40, jikin mutum kuma yana wajen 37, me za ta bambance? Sai ka ratsa zaure ta gabanta ba ta san ka wuce ba. Lokacin hunturu kuma ƙura ta rufe idon mai auna haske, fitila ta kama da hantsi. Ko faɗuwar rana a nan tana sauyawa da kusan awa guda tsakanin Nuwamba da Yuli, don haka wanda ya kafe maka ƙarfe shida da rabi duk shekara bai yi maka aiki ba.

Abin da ya fi ƙona mani rai shi ne ɗakin Hajiya mahaifiyata. Akwatin bangon babu wayar nutural da makunni mai aiki da intanet ke buƙata, kamar yawancin gidajenmu, sai aka sa mata ƙwan fitila mai haɗuwa da wayar hannu, aka haɗe makunnin bango don kada a kashe shi. Tsohuwa ta tashi cikin dare za ta yi nafila, ta lalubi makunnin da hannunta ya saba da shi shekara da shekaru, ta danna, shiru. Da safe ta ce mani, “Kai, wannan wace irin fitila ce da sai an roƙi waya kafin ta kama? Ku maido mani da tawa.” Na kira mai aikin na ce, “Injiniya, tsakani da Allah haka ake yi? Uwata ce fa.” Ya ce, “Yi haƙuri Alhaji, ai netwok ne.” Ruwa ya zuba, netwok ne. Fitila ta ƙi kamawa, netwok ne. Netwok ne ya ɗora inji a kan makunnin amfiya 10?

Kuma ba wai babu hanyar da ta dace da mu ba ce, wannan ne ya sa nake ganin abin a matsayin zalunci. Home Assistant manhaja ce ta kyauta da ake haɓakawa tun 2013, tana zama a kan ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi a cikin gida, ƙa'idojin suna gudana a nan ko da an yanke intanet. Tsarin Matter da aka fitar a ƙarshen 2022 shi ma an gina shi ne don na'urori su yi magana da juna a cikin gida. Rauta da wannan kwamfuta ba su cin wuta mai yawa, a ɗora su a kan inbata ko ɗan batir nasu, sai su kwana a farke. Kowace fitila a bar mata makunnin hannu mai aiki. Wanda ya iya wannan, ya faɗi kuɗinsa mu biya da daɗin rai. Wanda bai iya ba, ya je ya koya kafin ya taɓa wayar gidan mutane.

Ni yanzu ko gyara ƙa'idojin ba ni da ikon yi yadda nake so, domin duk kayan gidana da asusunsa mai aikin ya yi masu rajista, ni sai ya ba ni damar kunnawa da kashewa kawai kamar baƙo. Ma'ana yana iya ganin lokacin da aka buɗe ƙofar gidana da lokacin da aka rufe. Idan na goge su na sake rajista da sunana, duk abin da aka tsara ya tafi, sai an faro daga farko, kuma na riga na biya kuɗin wannan tsarin. Na ce ya zo ya miƙa mani asusun, ya sa kwantakta, ya maido wa Hajiya makunninta. Kullum sai ya ce yana Kano, gobe zai shigo. Na sanar da shi cewa idan Juma'ar nan ta wuce bai zo ba, gaban mai unguwa za mu haɗu.